Ba Zan Je Ƙofar Hedimasta Roƙo Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin sauka Dugabau lafiya, kin tarar da Gwaggonki Asabe da mutanen gidanta ƙalau. Allah Ya tsare miki ɗakin da za ki kwana da ajin da za ki tsaya. Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa ban taɓa iya ɗaga miki murya ba, kuma ba yanzu zan fara ba. Na san akwai waya, amma ni da ke a waya sai mu yi ta gaisuwa har kati ya ƙare ba mu ce komai ba. Rubutu ya fi mini sauƙi.

Da kika zo yi mini sallama kin durƙusa yadda ya kamata, sai dai idonki yana kan tabarma. Kika ce, "Baba, kai da ka roƙa wa 'ya'yan mutane, naka ne ba za ka roƙa wa ba?" Ban amsa miki ba, na ce Allah Ya kiyaye hanya. Tambayarki tana kan hanya, kuma ta cancanci amsa. Ga ta nan, ta yi tsawo, ki karanta ta lokacin da kika samu sarari.

Bari in fara da maimaita abin da ya faru, domin a gida kowa ya riga ya rage masa nauyi, har an fara ba da shi kamar wani ɗan tuntuɓe. Yayanki ya daɗe yana koyarwa a makarantar firamaren nan ba da takardar gwamnati ba, iyayen yara ne suke haɗa masa ɗan abin da ya samu. Da aka turo sababbin malamai, hedimasta Malam Sani ya kira shi ya ce ya yi haƙuri, babu sauran ajin da za a ba shi. Ya dawo gida. Washegari da safe na aike shi ya sayo fetur na injin ban-ruwa, tumatirin fadama ya fara yaushi. Ya sayo, ya ɗaure jarka a bayan babur, hanyar fadama kuwa ta ƙofar makarantar ta bi. Yara suna tsaye a layi ana taron safe. Ya tsaya, ya kashe babur, ya ɗaga murya ya ce wallahi sai ya ƙone makarantar da duk wanda yake cikinta, a ga wanda zai koyar a cikin toka. Ya daki jarkar da tafin hannu. Sannan ya tayar da babur ya wuce fadama ya ba wa tumatir ruwa.

Yaran ba su tsaya jin ƙarshen maganar ba. Wata yarinya 'yar aji uku ta haura katanga ta faɗo a kan hannunta, har yau hannun a ɗaure yake. Kafin labari ya isa bakin kasuwa ya zama ɓarayin daji ne suka shigo gari, kin kuwa san da irin fargabar da mutanenmu suke kwana tun da abin ya matso ta wajen Katsina. Mata suka fito da gudu, wasu ko mayafi babu, kowace tana kiran sunan ɗanta. Wani ya ɗauki abin a waya ya watsa. Hedimasta ya kai ƙara, aka je har fadama aka kama yayanki yana tsaye cikin taɓo.

A ofishin 'yan sanda aka tambaye ni cikakken sunansa. Ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi da bakina ba. Na tsaya ina kallon ɗan sandan, shi ma yana kallona da biro a hannu. Na faɗa, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Na shaida musu cewa fetur ɗin nawa ne, ni na aike shi, na injin ban-ruwa ne. Ɗan sandan ya ce, "Baba, mun yarda. Amma a dokar jihar nan ba sai an ƙyasta ashana ba. Wanda ya tsoratar da mutane da cewa zai hallaka su ko zai ƙone musu wuri ya riga ya yi laifi, balle makaranta." Ni ban karanta dokar ba. Na kira wani tsohon ɗalibina da yake aikin lauya a Kano, ya ce haka abin yake, kuma yana iya kaiwa ga ɗauri. Ya ƙara da cewa idan aka same shi da laifi, zai yi wuya ya ƙara tsayawa a gaban aji. Na tsaya masa beli, ga shi a gida yana jiran zaman kotu.

Yanzu Baffanki Isa ya tara dattawa. Sun sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a je gidan Malam Sani a roƙe shi ya janye ƙarar. Ni suke jira in shige gaba, kuma sun san abin da suke yi. Malam Sani a hannuna ya sauke Alƙur'ani. Har yau idan ya hango ni daga nesa sai ya sauka daga kan mashin ya tura shi da hannu. Idan na zauna a ƙofarsa ba zai iya cewa a'a ba, ko da zuciyarsa tana cewa a'a. Na gaya wa Baffanki ba za ni ba. Ya ce na tsufa da taurin kai, na ce na gode.

Dalilina kurakurai ne da na yi da hannuna, ba na ɓoye su, wasu ma kin san su sai dai ba ki san yadda nake kallonsu ba.

Na farko bakina ne. Kin yi karatu a gabana, kin san yadda nake magana da yara. "Sai na karya ka." "Yau sai na yanka ka in ba ka biya ba." "Wallahi sai uwarka ta kasa gane ka." Ban taɓa karya kowa ba, ban taɓa yanka ko kaza a makaranta ba, kuma yaran sun sani. Haka na tarar ana yi, haka na yi. A gida ma haka. Lokacin da yayanki yake ƙarami, akuyar maƙwabta ta cinye masa 'yar gyaɗar da ya shuka a bayan ɗaki. Ya ɗauki kara ya je ya tsaya a ƙofar gidansu, ciki a waje, ya ce sai ya ƙone gidan ƙurmus. Muna zaune a zaure ni da abokaina, muka yi ta dariya har da hawaye. Wani ya ce, "Kai, Malam, wannan namiji ka haifa!" Na ji daɗin maganar. Duk baƙon da ya zo sai in sa a kira shi ya sake faɗa, a sake dariya. To, ya girma ya sake faɗa, sai dai wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Abin takaicin, ni ne nake karantar da mutane cewa addini ya hana tsoratar da mutum ko da wasa. Na karantar da shi a zaure, na karantar da shi a masallaci, sannan in juya in ce wa yaro sai na yanka shi. Ban taɓa haɗa biyun a kaina ba sai da na zauna a kan bencin 'yan sanda.

Saboda haka, Uwata, ki lura da bakinki a wurin aiki. Kina da irin zuciyarmu, kada ki ce ba ki da ita, na sha ganin yadda kike ajiye kwano idan ranki ya ɓaci. Za a ɓata miki rai. Albashi zai makara, za a ba wa wadda ba ta kai ki ba abin da ya kamata a ba ki, wani uban zai zo ya zage ki a gaban ɗalibanki. Ki faɗi abin da aka yi miki, ki faɗi abin da kike so a gyara, ki tsaya nan. Kada ki ce "za ku gani", kada ki ce "sai na yi maganinku", kada ki rantse a kan abin da ba za ki aikata ba. A nan Mainika an san ke 'yar wane ce, ana auna maganarki da sanin gidanku. A can ba a san ki ba, maganar kawai za a ji. Kuma yanzu kowane aljihu da waya a ciki, abin da kika faɗa a cikin fushi zai je garin da ba ki taɓa takawa ba. Idan yaro a ajinki ya ce zai ƙone wani abu ko zai kashe wani, kada ki yi dariya, kada kuma ki zane shi. Ki zaunar da shi ki tambaye shi a ina ya ji.

Kuskure na biyu shi ne wanda kika jefe ni da shi, wato roƙon da na yi wa 'ya'yan mutane. Gaskiya ne na yi, kuma na ƙware. An san ni da shi daga Gwarzo har Kabo. Ina da salona. Idan muka isa ƙofar mutum aka shimfiɗa mana tabarma, sai in ƙi hawa, in zauna a ƙasa a gefenta. Sauran dattawa su bi ni. A kawo ruwa in ce ba za mu sha ba tukuna. In cire hulata in ajiye a gabansa. Daga nan ba na doguwar magana, sai in ce, "Mun zo roƙon arziki, ba za mu tashi ba sai ka ce ka haƙura." Wane ɗan Musulmi ne zai bar masu furfura a zaune a ƙasa kai ba hula, maƙwabta suna leƙe? Ban taɓa tashi hannu banza ba. Ina alfahari da hakan, ina ganin wuta nake kashewa.

Wata shekara aka kira ni wani ƙauye a ƙasar Kabo. Wani malami ne matashi, Malam Yusha'u, baƙo ne daga wajen Zariya, yana koyar da lissafi. Ya kori wani yaro daga aji saboda rashin kunya. Uban yaron ya zo makaranta da adda a hannu, ya tsaya a tsakar fili ya ce idan ya ƙara ganin malamin nan a garin sai ya sare shi, kuma duk malamin da ya tare masa shi ma ya shiga ciki. Malamin ya kai ƙara, aka kama mutumin. Danginsa suka zo har gida suka ɗauke ni. Muka sami Malam Yusha'u a ɗan ɗakin da yake haya, ko tabarmar kirki ba shi da ita. Na zauna a ƙasa, na cire hula. Malamin nan ya rikice, ya durƙusa yana cewa, "Don Allah Baba ku tashi, don Allah ku tashi." Na ce sai ya haƙura. Ya ce ya haƙura. Aka yi fatiha, aka raba goro, aka yi ta sa mini albarka har bakin mota.

Abin da ya biyo baya daga baya na ji shi. Mutumin da aka sako bai sake ɗaukar adda ba, bai kuma sake cewa komai ba. Kullum da safe sai ya zo ya zauna a teburin mai shayin da yake kallon ƙofar makarantar, ya bi malamin da ido har ya shige. In an tashi ma haka. Malamin ba shi da bakin kai ƙara, shi da kansa ya ce ya yafe a gaban dattawa. Zangon karatu bai ƙare ba ya tattara kayansa ya bar garin. Sauran malaman suka gane karatun, babu wanda ya sake ce wa ɗan kowa kanzil. Makarantar ta daɗe ba ta da mai koyar da lissafi.

Bayan shekaru na haɗu da shi a tashar Gwarzo. Ya bar koyarwa, yana sayar da kayan gyaran babur. Shi ya gane ni, ya zo ya gaishe ni da ladabi. Na ce masa, "Ka ga amfanin haƙuri, ga shi komai ya wuce." Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Baba, ai ranar nan ba roƙona kuka yi ba, umarni kuka ba ni. Kuma a cikinku babu wanda ya tambaye ni ko ina iya barci." Ya karɓi jakata ya sa mini a mota. Maganarsa ta bi ni har Mainika. Amma kada ki ɗauka na daina, na ci gaba da zuwa duk inda aka kira ni, domin girman da ake ba ni yana yi mini daɗi.

Ban ce sulhu ba shi da kyau ba. A kan iyakar gona, a kan faɗan miji da mata, a kan dabbar da ta shiga shuka, sulhu ya fi kotu sau nawa. Amma wanda ya tsaya a ƙofar makaranta ko wurin aikin mutane ya ce zai kashe ko zai ƙone, ba mutum ɗaya ya yi wa laifi ba. Malam Sani zai iya yafe nasa. Ba zai iya yafe na yarinyar da ta karye ba, ko na matan da suka fito da gudu, ko na yaran da har yanzu iyayensu ba su bar su sun koma ba. Mu kuwa idan mun tashi roƙo wurin mutum ɗaya muke zuwa, wanda muka san yana jin kunyarmu. Baffanki bai ce a je gidan su yarinyar ba, domin uban ba ɗalibina ba ne.

Ke yanzu baƙuwa ce a inda kike, kamar yadda Malam Yusha'u yake. Idan wani ya yi miki barazana, ko ya yi wa makarantarku, ki gaya wa shugabanki a ranar, ki tabbata ya gaya wa mai unguwa da hukuma. Kada ki tsaya auna ko da gaske yake, wannan ba aikinki ba ne, kuma ba ki da ma'aunin. Idan dattawa suka zo suka zauna miki a ƙasa, ki gaishe su da kyau, ki kawo musu ruwa, ki durƙusa in kina so. Sannan ki ce musu maganar ta wuce hannunki, tana wurin hukuma. Za su ce ba ki da kunya, za su ce 'yar Malam guda. Za ki ji zafin hakan sosai, na sani. Ki bar su su gaji su tashi, ƙasa ba ta taɓa cinye dattijo don ya zauna a kanta ba.

Na uku ya fi sauran muni, kuma ke ma kina ciki. Kina tuna wata rana kuna ƙanana, na tashe ku da sassafe na ce ku tafi Madadi wurin kakarku, ba hutu ba, ba biki ba? Kun yi ta murna. Abin da ya faru shi ne, lokacin da muka ja katangar Islamiyyarmu, wani mai gona a gefenmu ya ce mun ci masa iyaka. Aka kai maganar wurin mai gari aka auna, ba a ba shi gaskiya ba. Ya tare ni bayan la'asar, ni kaɗai, ya ce idan ya ƙara jin muryar yara a wurin nan gobe, sai ya turo musu katangar a kansu. Katangar ƙasa ce, sabuwa, ba ta gama bushewa ba, kuma yara a gindinta suke zama saboda inuwa.

Na ce a raina cika baki ne. Na ce idan na faɗa, iyaye za su janye 'ya'yansu, makarantar da mahaifina ya bar mini ta watse a kan maganar banza. Na ce kai ƙarar maƙwabci ba halin malami ba ne. Duk na faɗa wa kaina wannan, kuma na yarda. Amma da gari ya waye, nawa 'ya'yan na tura Madadi. 'Ya'yan mutane suka zo suka zauna a gindin katanga, na karantar da su ina satar kallon gonar. Babu abin da ya faru. Mutumin bai zo ba, katangar tana nan har yau.

Sai dai maganar ta fita, shi da kansa ya yi ta faɗa a kasuwa. Wata mata, Inna Tabawa, mai 'ya'ya a wurina, ta zo ta tsaya daga bakin zaure. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Malam, ranar nan ina 'ya'yanka suke?" Na ce sun je gaida kakarsu. Ta ce, "To. Nawa ba su da kaka ne?" Ta kira 'ya'yanta daga cikin karatu, suka ɗauki allunansu suka bi ta. Ba su sake dawowa ba. Har ta rasu tana gaishe ni idan mun haɗu, amma ba ta sake kirana Malam ba.

Kin ga ke nan ni na san abin da barazana take yi wa zuciya, domin ta sa ni na ware 'ya'yana daga na mutane alhali ina cewa ban yarda da ita ba. Duk wanda ya ce miki "ai magana ce kawai", ki dubi inda ya kai nasa ɗan a ranar. Idan kika ji wani abu game da makarantarku, to duk iyaye su ji shi tare, ta bakin shugaba, a fili. Kada ki raɗa wa ƙawarki ta riƙe nata a gida. Kada kuma ki tura saƙon murya da ba ki san asalinsa ba, irin wanda ake cewa ga su nan tafe. Ki kai wa wanda zai bincika. Mai tura irin wannan saƙon yana ganin taimako yake yi, amma gudun da yake jawowa ɗaya ne da wanda yayanki ya jawo.

Da can ina ɗaukar irin wannan doka a matsayin shisshigin hukuma, me ya kai gwamnati cikin cacar bakin mutane? Yanzu ina ganin ta tsaya ne a wurin da mu dattawa muka kasa tsayawa. Mu muna duba wanda ya yi maganar, ɗan waye, jikan waye. Ita tana duba waɗanda aka faɗa wa. Ban ce alƙali ba ya kuskure ba, ban kuma ce ina son a ɗaure ɗana ba. Wallahi ba na so.

Ga abin da zan yi. Zan je kotu duk ranar da aka zauna, in zauna a inda zai gan ni. Zan faɗa wa alƙali cewa fetur ɗin nawa ne, kuma yaron bai taɓa ɗaga hannu ya daki kowa ba. Idan aka ba ni dama zan roƙi sassauci, a can, a gaban kowa, a wurin wanda yake da ikon cewa a'a. Na je gidan su yarinyar ni kaɗai na duba hannun, na hau tabarmar da aka shimfiɗa mini, ban roƙi komai ba. Uban ya amsa gaisuwata a taƙaice, kuma yana da gaskiya. Na gaya wa yayanki shi ma ya je, ba don a janye ƙara ba. Ya ce to, har yanzu bai je ba. Ba ya fita sai masallaci, ya rame, idan na shigo sai ya tashi ya bar wurin.

Mahaifiyarki ba ta ce mini komai ba. Ita ma ɗan farinta ne, kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki a kansa ba. Sai dai ta ajiye mini abinci ta koma ɗaki, kuma na lura nata kwanon yadda aka zuba haka ake ɗauke shi. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Baffanki yana zuwa safe da yamma. Jiya ya ce, "Yaya, in aka ɗaure yaron nan, da wane ido za ka kalli uwarsa?" Na ce masa ban sani ba.

Ina rubuta miki wannan Juma'ar ba ta zo ba tukuna. Na ce ba za ni ba, kuma a kan haka nake. Amma na san kaina. Za a sauko daga masallaci, dattawa su kewaye ni, wani ya riƙe mini hannu, gidan Malam Sani kuwa ba nisa. Ɗana ne, ina son sa, ko da ban taɓa faɗa ba. Idan kika ji labari cewa na je na zauna a ƙofar, an janye ƙara, gida ya yi murna, ki yi murna tare da su, ɗan'uwanki ne. Amma kada ki ce ashe Baba ya gane kuskurensa. Abin da na rubuta miki a nan shi ne daidai, ni ne na kasa. Ki riƙe takardar, kada ki yi koyi da ni.

Ki gaida Gwaggonki, ki ce ina nan tafe in an kwana biyu. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa karanta addu'ar fita kafin ki taka ƙofa. Allah Ya tsare ki daga sharrin mai sharri, Ya tsare mutane daga sharrin bakinki. Allah Ya tsare yaran da aka damƙa miki, Ya mayar da kowanne gidan uwarsa lafiya kullum. Ki sa yayanki a addu'a, ki sa ni ma, musamman ranar Juma'a.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
daga Mainika.